Kundin Aikin Dokokin Sauya Fasalin Manhaja Mai Gado da Yarjejeniya

6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta inda aikin ya kai, da abin da ya tabbata, da abin da ya rushe a hannuna. A watannin da suka wuce na lura cewa nakan ƙara wa doka sharaɗi, bayan mako uku in manta abin da ya sa na ƙara shi, sai in koma ina neman dalilin daga tushe. Daga yau duk sharaɗin da zai shiga doka, sai ya shiga tare da misalin da ya tilasta shi.

Manufar aikin ita ce tsara jerin dokoki na sauya fasalin manhajar Java wadda aka rubuta wa yarjejeniya da harshen JML (Java Modeling Language), harshen da ake rubuta sharuɗɗa da alkawuran manhajar Java da shi. Kowace doka tana da fasali biyu, na hagu da na dama, da kuma sharuɗɗan da idan suka cika za a iya ɗauke ɗaya a sa ɗayan ba tare da ma'anar manhajar ta canza ba. Tunanin yana da tarihi. A 1987 Tony Hoare da abokan aikinsa takwas suka wallafa maƙala a mujallar Communications of the ACM, inda suka nuna cewa umarnin manhaja yana bin dokoki irin na aljabara. A 1992 William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Illinois a kan gyaran fasalin manhaja mai azuzuwa, ya jera sharuɗɗan da ake dubawa kafin kowane gyara. A 2004 Paulo Borba, Augusto Sampaio, Ana Cavalcanti da Márcio Cornélio suka fitar da dokokin azuzuwa da gado na wani ƙaramin harshe mai suna ROOL, aikin da ya samo tushe a Jami'ar Tarayya ta Pernambuco da ke Recife a Brazil. A kan wannan ginin nake ɗora nawa tubalin.

Ga kalmomin da zan riƙa amfani da su. Aji shi ne tsarin da ake ƙera abubuwa masu kama ɗaya daga gare shi. Idan aji ya gaji wani aji, na sama shi ne uba, na ƙasa magaji, magada biyu na uba ɗaya kuma 'yan'uwa ne. Gurbi shi ne wurin da abu ke ajiye bayaninsa, metod kuma aikin da ake kira a kansa. Yarjejeniyar metod tana da sharaɗin shiga, wanda JML ke rubutawa da `requires`, da alkawarin fita, wanda ake rubutawa da `ensures`. Aji kuma yana da ƙa'idar dindindin, wato `invariant`, wadda dole ta zama gaskiya a duk lokacin da idon na waje zai iya ganin abun. Bertrand Meyer ne ya yaɗa wannan salo na yarjejeniya ta harshen Eiffel a shekarun 1980, sannan Gary Leavens da Albert Baker da Clyde Ruby suka kawo shi Java da JML a Jami'ar Jihar Iowa a ƙarshen shekarun 1990.

15 ga Janairu, 2025

Mako guda ya tafi a kan tambaya ɗaya: me ake nufi idan aka ce ma'ana ba ta canza ba? Idan kod kaɗai ake dubawa, amsar ita ce shigarwa iri ɗaya ta haifar da sakamako iri ɗaya. Da yarjejeniya ta shigo, sai masu haƙƙi suka zama uku. Akwai mai kira, wanda ya dogara da alkawarin fita. Akwai jikin metod, wanda ya dogara da sharaɗin shiga. Akwai kuma magaji, wanda yarjejeniyar ubansa take hawa kansa ko ya so ko bai so ba. Doka ba ta inganta ba sai ta bar wa kowannensu abin da yake riƙe da shi, ba ta kuma ɗora wa kowa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Na ɗauki ma'anar tacewa kamar yadda ta zo daga aikin Ralph-Johan Back na 1978 a Helsinki, wanda Carroll Morgan ya faɗaɗa daga baya. Yarjejeniya ta biyu ta tace ta farko idan abu biyu suka tabbata: duk halin da ya cika sharaɗin shiga na farko ya cika na biyu, sannan a cikin irin wannan hali, duk sakamakon da ya cika alkawari na biyu ya cika na farko. Wato ana iya sassauta ƙofar shiga, ana iya tsaurara alkawarin fita. Dokar da ke tafiya ta fuska biyu, daga hagu zuwa dama da kuma daga dama zuwa hagu, sai kowane ɓangare ya tace ɗan'uwansa.

Na kuma tsayar da misalin da zan riƙa gwada kowace doka a kansa. Akwai uban aji mai suna `Layi`, wanda ke da gurbin `adadi` da metod `cire`. Yana da magada biyu. `LayiMaraIyaka` yana ajiye abubuwa a jeri mai suna `kaya`, yana faɗaɗa shi idan ya cika. `LayiMaiIyaka` yana da gurbin `iyaka` wanda ba ya canzawa, da ƙa'idar dindindin da ke cewa `adadi <= iyaka`. Kowannensu yana da nasa metod `saka`, uban kuma ba shi da shi. Misalin ƙarami ne, kuma da gangan na bar shi haka domin in iya riƙe shi duka a kaina.

28 ga Janairu, 2025

Doka ta farko: ɗaga gurbi daga magaji zuwa uba. Na ɗauka za ta zama mafi sauƙi, domin a ɓangaren kod sharaɗinta sananne ne: kada wani magajin uban ya riga ya mallaki gurbi mai wannan suna, kuma kada gurbin ya zama `private`, domin idan ya hau sama a haka magajin da ya fito daga gare shi ba zai ƙara ganinsa ba. Na rubuta dokar da waɗannan sharuɗɗa biyu, na ɗaga `kaya` zuwa `Layi`, kod ya harhaɗu, wato Java ta karɓe shi ta fassara shi ba kuskure, gwaje-gwaje suka wuce.

Da na ba OpenJML, manhajar da ke duba ko kod ya cika yarjejeniyarsa ta JML, sabon fasalin, sai ta ƙi amincewa da maginin `Layi`, wato kod ɗin da ke kafa sabon abu na wannan aji, kuma tana da gaskiya. A JML duk gurbin da ke riƙe da manuni, wato abin da ke nuna inda wani abu yake, ana ɗauka ba zai taɓa zama `null` ba, wato marar nuna komai, sai idan an rubuta masa `nullable`. Wannan ɗauka daidai take da ƙa'idar dindindin da ba a rubuta ba, mai cewa `kaya != null`. Lokacin da gurbin ke cikin `LayiMaraIyaka`, maginin wannan ajin ne ke cika shi, kuma ƙa'idar tasa ce shi kaɗai. Da gurbin ya hau, sai ƙa'idar ɓoye ta hau tare da shi, ta zama nauyi a kan maginin uba da bai san da ita ba, da kuma kan `LayiMaiIyaka` wanda ba ruwansa da `kaya` ko kaɗan. Ban taɓa harafi ɗaya na yarjejeniyar da ke rubuce ba, amma yarjejeniyar ta canza.

Gyaran shi ne a raba abin da aka haɗa. A fasali na dama gurbin yana hawa da alamar `nullable`, sannan a rubuta wa magaji ƙa'idar `kaya != null` a fili. Ta haka abin da ake sani game da `LayiMaraIyaka` yana nan yadda yake, ɗan'uwansa kuma bai ɗauki bashin da bai ci ba. Na ƙara wani sharaɗi game da gurbin da aka ba darajar farko a wurin bayyana shi. Irin wannan gurbi idan ya hau, lissafin darajarsa zai gudana tun lokacin ginin uba, kafin jikin maginin magaji, kuma zai gudana ga dukan 'yan'uwa. Saboda haka dokar tana buƙatar lissafin ya zama marar taɓa komai, kuma kada ya ambaci wani abu na magaji.

4 ga Fabrairu, 2025

Doka ta biyu, ɗaga ƙa'idar dindindin, ta zo da sauri bayan darasin makon jiya. Ƙa'idar `I` ta magaji `C` tana hawa uba a sifar `this instanceof C ==> I`, tare da juya `this` zuwa nau'in `C` a duk inda aka ambaci gurbin da bai hau ba. Ga abun da ainihin ajinsa `C` ne, ko wani magajin `C`, ma'anar ba ta motsa ba. Ga sauran kuma gaban jimlar ƙarya ne, don haka jimlar duka gaskiya ce kuma ba ta neman komai daga gare su. Na kira wannan gaba mai tsaro. Cire mai tsaron doka ce daban, ta uku, kuma ita ce mai tsada, domin sai an tabbatar cewa kowane magini da kowane metod na sauran magada yana kiyaye `I`. Hujjar doka ta biyu layi shida ce, na kammala ta yau.

19 ga Fabrairu, 2025

Makonni biyu ke nan ina kan ɗaga metod, kuma a nan ne na ga ainihin abin da aikin nan yake a kai.

Na ɗaga `saka` daga `LayiMaraIyaka` zuwa `Layi` tare da yarjejeniyarsa kamar yadda take: sharaɗin shiga `true`, alkawarin fita `adadi == \old(adadi) + 1`, wato adadin ya ƙaru da ɗaya a kan yadda yake kafin kiran. Gurbin `kaya` ya riga ya hau ta doka ta farko, don haka jikin metod ɗin ya zauna a sabon wurinsa. A lokacin gudu babu abin da ya bambanta. Abun `LayiMaraIyaka` yana samun `saka` ta gado, abun `LayiMaiIyaka` kuma yana ci gaba da kiran nasa, domin Java tana zaɓar jikin metod ne da ainihin ajin abu. Duk wanda ya duba kod kaɗai zai sa hannu a kan wannan gyara.

Sai dai `saka` na `LayiMaiIyaka` yanzu ya zama sabunta na uba, wato metod ɗin magaji da ke maye gurbin na uba, kuma JML tana gadar da yarjejeniya. Tushen wannan shi ne abin da Barbara Liskov da Jeannette Wing suka tsara a 1994, cewa duk abin da aka tabbatar game da uba dole ya tsaya idan aka sa magaji a wurinsa. A 1996 Krishna Kishore Dhara da Gary Leavens suka nuna yadda za a tilasta hakan ta hanyar gadon yarjejeniya, kuma wannan hanya JML ta bi. Idan uba yana da sharaɗi `P1` da alkawari `Q1`, magaji yana da `P2` da `Q2`, to ainihin sharaɗin magaji shi ne `P1 || P2`, alkawarinsa kuma shi ne cika `Q1` a duk kiran da ya shigo da `P1`, da cika `Q2` a duk kiran da ya shigo da `P2`.

Ga abin da wannan ya haifar. A da, `LayiMaiIyaka` ya ce kada a kira `saka` sai `adadi < iyaka`. Yanzu ya gaji alkawarin karɓar kira a kowane hali, da ƙara ɗaya a kan `adadi`. Idan layin ya cika, `adadi` daidai yake da `iyaka`, alkawarin da ya gada yana so adadin ya ƙaru, ƙa'idarsa ta dindindin kuma ta hana. Babu jikin metod da za a iya rubutawa ya cika duka biyun. Gyaran ya bar kod lafiya, ya kuma mayar da yarjejeniyar wani aji da ba a taɓa ba ta zama abin da ba ya yiwuwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ɓarna ke iya kwanciya shiru. Tsofaffin gwaje-gwaje ba za su kama ta ba, tunda babu mai kiran da yake saka abu a layin da ya cika. Sai ranar da wani ya karanta yarjejeniyar `Layi`, ya yarda da ita, ya rubuta sabon kod a kanta, sannan za ta bayyana, a wuri mai nisa da inda aka haife ta.

Na gwada mafita uku. Ta farko ita ce dokar ta hana ɗagawa idan wani ɗan'uwa yana da metod mai suna ɗaya da nau'in shigarwa ɗaya. Wannan ingantacce ne, amma ya yanke halin da aka fi buƙatar dokar a cikinsa, domin yawanci dalilin ɗaga metod shi ne 'yan'uwa suna maimaita juna. Ta biyu ita ce a buƙaci yarjejeniyar kowane ɗan'uwa ta tace wadda za ta hau. Ita ma ingantacciya ce, amma ta sa hujja mai nauyi a cikin sharaɗin doka, kuma ina so sharuɗɗa su kasance abin da na'ura za ta iya dubawa daga rubutun manhaja. Ta uku ita ce mai tsaro: yarjejeniyar ta hau da ƙarin sharaɗin shiga `this instanceof LayiMaraIyaka`. Ga ɗan'uwa wannan sharaɗi ƙarya ne, don haka ɓangaren da ya gada ba ya taɓa aiki a kansa, ainihin yarjejeniyarsa ta koma yadda take. Ga tsofaffin masu kira kuma babu asara, domin a da ba wanda ke iya kiran `saka` ta manunin `Layi`.

Na zaɓi ta uku, na kuma mayar da ta biyu doka mai zaman kanta ta cire mai tsaro, kamar yadda na yi wa ƙa'idar dindindin. Yanzu tsarin ya fito: kowane motsi zuwa sama mataki biyu ne, na farko mai arha wanda ba ya canza ma'ana ga kowa, na biyu mai neman hujja a kan kowane magaji. A ganina haɗa matakan biyu a doka ɗaya shi ne kuskuren da na daɗe ina yi ba tare da na sani ba.

Akwai ƙaramin abu da ya kamata in rubuta. Metod da ke sabunta na uba, idan yana da tasa yarjejeniya, JML tana so ta fara da kalmar `also`. Don haka fasali na dama yana ɗauke da gyara a rubutun ɗan'uwa ma, ko da ma'anarsa ba ta motsa ba.

21 ga Fabrairu, 2025

Abokin aikina ya karanta dokar ɗaga metod ya kawo misalai biyu da suka karya ta, kuma duka biyun daga Java kanta suka fito, babu hannun JML a ciki. Na farko: idan jikin metod yana da kira ta `super`, da ya hau sai `super` ya koma nuna kakan aji a maimakon uba. Na biyu ya fi wuyar gani. A ce uba yana da `saka` mai karɓar `long`, aka ɗago masa wani `saka` mai karɓar `int`. Java tana zaɓa tsakanin metod masu suna ɗaya ne tun lokacin harhaɗawa, bisa nau'in da aka rubuta. Kiran da ya ba da lamba 5 ta manunin uba, wanda a da yake sauka a kan mai karɓar `long`, yanzu zai sauka a kan sabon. Kod zai harhaɗu, sakamako ya bambanta. Na ƙara sharuɗɗa biyu: babu `super` a jikin, kuma babu metod mai wannan suna a uba ko a sama da shi. Na biyun ya fi abin da ake buƙata tsauri, amma ana iya duba shi a kallo ɗaya, kuma na fi son doka ta ƙi gyaran da ya halatta a kan ta yarda da wanda ya ɓata.

10 ga Maris, 2025

Na koma kan fitar da yanki daga jikin metod a mayar da shi metod mai zaman kansa. A `LayiMaraIyaka` akwai ƙa'idar `adadi <= kaya.length`. Jikin `saka` yana ƙara ɗaya a kan `adadi`, sannan idan adadin ya wuce tsawon jeri ya faɗaɗa shi, sannan ya rubuta sabon abu. Tsakanin mataki na farko da na biyu ƙa'idar a karye take, kuma wannan ba laifi ba ne, domin a tsakiyar metod babu idon waje. Da na fitar da mataki na biyu na ba shi sunansa, sai na buɗe ƙofa a daidai wurin da ƙa'idar ke karye, JML kuma tana neman ƙa'idar dindindin a bakin shigar kowane metod da bakin fitarsa.

Harshen ya tanadi magani, wato alamar `helper`, wadda ke ɗauke wa metod wannan buƙata. Dokar yanzu tana cewa sabon metod ya zama `private` kuma `helper`. Kasancewarsa `private` yana rufe wata ƙofar ma, domin magaji ba zai iya sabunta shi ba ko da yana da metod mai suna ɗaya. Abin da ya rage shi ne yarjejeniyar sabon metod. Manhajar tabbatarwa tana duba kowane metod shi kaɗai, idan ta iso wurin kira ta dogara da yarjejeniyar wanda aka kira, ba ta leƙa jikinsa. Saboda haka dokar dole ta faɗi abin da za a rubuta: sharaɗin shiga shi ne abin da aka sani kafin yankin, alkawarin fita shi ne abin da sauran jikin ke buƙata bayansa, sai jerin gurabe da yankin ke rubutawa a `assignable`. Na yi amfani da lissafin mafi raunin sharaɗi na Edsger Dijkstra na 1975, wanda ke gano mafi ƙarancin abin da ake buƙata kafin umarni domin a sami sakamakon da ake so bayansa, wajen fitar da alkawarin, ina tafiya daga ƙarshen metod zuwa baya.

Na ba wannan doka lokaci fiye da yadda na tsara, saboda na san nauyin ƙa'idar da ake zaton an maido da ita alhali ba a maido ba. A 2015 Stijn de Gouw da abokan aikinsa, suna ƙoƙarin tabbatar da TimSort, hanyar jera bayanai bi da bi da ke cikin ɗakin karatun Java, wato tarin kod da ke zuwa tare da harshen, da manhajar tabbatarwa mai suna KeY, suka gano cewa metod `mergeCollapse` ba ya maido da ƙa'idar da ke kan tsawon gungu-gungun da ake haɗawa a kowane hali, kuma hakan na iya sa manhajar ta faɗi a kan wasu manyan jeri. Kod ne da aka shafe shekaru ana amfani da shi. Dokar da ke yanka metod gida biyu dole ta san wace ƙa'ida ce a tsaye a wurin yankan, wace ce a kwance.

2 ga Afrilu, 2025

Sassauta sharaɗin shiga da tsaurara alkawarin fita suna cikin dokoki na tushe a lissafin tacewa, kuma ga metod da ba shi da magada suna nan yadda aka san su: a nuna jikin yana cika sabuwar yarjejeniya, shi ke nan. Da gado ya shigo, duk tsaurarawar da aka yi a uba tana gangarowa kan kowane magaji da ya sabunta metod ɗin, don haka sharaɗin dokar ya zama tambaya a kan dukan zuriyar ajin.

Wannan ya fito da abin da ke ƙarƙashin kusan dukan dokokina. Kalmomin "babu wani magaji da" da "kowane magaji" suna da ma'ana ne kawai idan manhajar duka tana gabana. Dokokin ROOL ma a kan cikakkiyar manhaja aka gina su, azuzuwa duka tare da babban umarnin da ke tafiyar da su. Mai rubuta ɗakin karatu da wasu za su gada ba shi da wannan gata, domin magadan ajinsa suna hannun mutanen da bai sani ba, wasu ma ba a rubuta su ba tukuna. Na bi dokokin ɗaya bayan ɗaya na raba su kashi biyu. Ɗaga ƙa'ida da mai tsaro da fitar da yanki zuwa `private helper` suna tsayawa ko da ba a ga sauran magada ba. Cire mai tsaro, tsaurara alkawari da ɗaga gurbi suna buƙatar rufaffiyar manhaja. Ɗaga metod ya faɗa kashi na biyu saboda haɗarin karo da sunan da wani magaji na nesa ya riga ya ɗauka. Ajin da aka rufe da `final`, ko wanda aka ƙayyade magadansa da `sealed`, wanda ya tabbata a Java 17 a 2021, yana mayar da tambayar ƙarama, domin jerin magada yana rubuce a wuri ɗaya. Na sa wa kowace doka alama a kanta da ke nuna kashinta.

23 ga Afrilu, 2025

Na fara dokar sauya wakilcin bayanai, wato a cire jerin `kaya` a sa sarƙar ƙulli, inda kowane ƙulli ke riƙe da abu ɗaya da manunin na gaba, a madadinsa ba tare da mai kira ya ji bambanci ba. Hanyar ta Hoare ce tun 1972: a sami aikin lissafi da ke ɗaukar wakilci na zahiri ya ba da darajar da mai kira ke tunani a kanta. A JML ana bayyana gurbin `model` mai riƙe da jerin abubuwa a matsayin lissafi zalla, yarjejeniyoyin fili su yi magana a kansa kaɗai, sannan jimlar `represents` ta ɗaura shi da gurabe na gaske. Idan an yi haka, sauya wakilci yana taɓa `represents` da ƙa'idodin ciki da jikin metod, yarjejeniyar fili kuma ba ta motsa ba. A kan misalina wannan ya tafi daidai.

Inda na tsaya shi ne manuni biyu a kan abu ɗaya. ROOL na 2004 yana kwafe abu ne idan aka ba da shi, don haka wannan matsala ba ta taso a hujjojinsa ba. Java kuwa manuni take miƙawa. Na ƙara wa `LayiMaraIyaka` metod da ke mayar da `kaya` kansa ga mai kira, sai dokar ta rushe nan take: mai kira yana iya rubutu a cikin jerin daga waje, darajar gurbin `model` ta canza ba tare da an kira wani metod na ajin ba, kuma bayan sauya wakilci wannan hanyar ta ɓace, halin manhajar ya bambanta. Dokar tana buƙatar sharaɗin da ke cewa wakilcin bai zube waje ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ɗaya ita ce tsarin mallaka na Universes, wanda Peter Müller da Arnd Poetzsch-Heffter suka ƙirƙiro, wanda kuma JML ta tanadar masa alamomi irin su `rep`, ta yadda nau'in gurbi da kansa zai ce wannan jeri mallakar wannan abu ne. Ɗayar ita ce sharaɗi a kan rubutu: gurbin `private` ne, ba a mayar da shi ga mai kira, ba a miƙa shi ga wani metod na waje, ba a ajiye shi a wani gurbi, kuma darajarsa daga `new` kaɗai take fitowa. Na ɗauki ta biyu a yanzu, saboda ta dace da sauran dokokin kuma ana iya duba ta ba tare da an sake wa manhajar alamomi ba. Ta wadatar ga jeri, amma ga sarƙa ba ta isa ba, domin kowane ƙulli yana riƙe da manunin na gaba da shi, kuma sharaɗin dole ya bi sarƙar har ƙarshenta.

Zuwa yau dokoki goma sha ɗaya ne a rubuce, bakwai suna da cikakkiyar hujja, uku an gwada su a kan misalin layi kaɗai, ta sauya wakilci kuma a buɗe take. Mako mai zuwa zan rubuta ajin ƙulli a matsayin aji na ciki mai `private`, in ga ko hana nau'insa bayyana a nau'in shigarwa ko na sakamakon kowane metod na fili zai isa ya rufe zubewar, sannan in gwada shi da metod da ke mayar da ƙulli a ɓoye cikin nau'in `Object`.